Lawali, Na Kai Balkisa Bakin Teku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, ɗan yayata, Mahamadu Lawali.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina yi maka gaisuwar da mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya maka ƙasar da aka rufe ka da ita ko da yake ba taka ba ce. Tantinka ce, Zainabu ta unguwar Minguettes, a nan Lyon. Mutanen gida lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Kawunka Ɗanladi yana nan Bobigny a gefen Paris, gwiwa ta fara damunsa amma bai bar aiki ba. Innarka tana Maradi, tana kan ƙafarta.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Malaminmu na allo bai taɓa ce mana takarda na isa kabari ba, addu'a ce ke isa. Sai dai akwai maganar da ke maƙale mini a wuya in na fuskanci masu rai, in na juyo gare ka kuma sai ta fito. Na kuma san ƴan Nijar masu shirin zuwa karatu, su da iyayensu, za su ga wannan. Su karanta, ban hana ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Na rantse wa innarka da Allah ba zan bar ƙanwarka Balkisa ta ga teku ba. Kuma ni ce na kai ta, da ƙafata. Ina so ka ji yadda aka yi, daga farko.

Ka tuna zuwanka. Musayar ɗalibai ce ta kawo ka, ka koyi kiwo a wani ƙaramin gari a gaɓar Normandi. Kawunka ya ɗauko ka daga filin jirgi, ka huta a wurinsa, sannan ka hau jirgin ƙasa ka zo Lyon gaishe ni kafin ka wuce. Ka shigo da jakar da ta kusa finka nauyi, rabinta kilishi ne da daddawa da busasshiyar yakuwa. Ka durƙusa a bakin ƙofa kana ta jero gaisuwa, har maƙwabciyata Balarabiya ta leƙo ta ga ko wani abu ne ya faru.

Mutanen can sun aiko maka da ɗan littafin maraba, mai hotuna, mai santsin takarda. Ka buɗe shi a kan teburina muna shan shayi, kana karanta mini kana fassarawa, ka manta na fi ka daɗewa a ƙasar. Ga inda ake hayar keke. Ga ranar kasuwar kifi. Ga ofishin da ke taimaka wa baƙin ɗalibai da takardu, ga darasin Faransanci kyauta, ga iyalan da ke gayyatar baƙo cin abincin Lahadi. Duwatsu farare kamar alli a tsaye bisa ruwa. Wata majami'a a kan tsauni a tsakiyar rairayi. Kaburburan sojoji a jere har ido ya gaji. Har da inda mai sayar da naman halal yake sun rubuta. Ka ɗora yatsa a wurin ka ce, "Tanti, mutanen nan sun yi tunani."

Sun yi, Lawali. Ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba zan ɗora ba. Gargaɗi game da ruwa yana cikin littafin, da jan rubutu ma, ka karanta shi a gabana. Amma gargaɗi yana amfanar wanda ya san kamannin abin da ake tsorata shi da shi. An ce ruwa yana dawowa da sauri. Ni da kai muka gyaɗa kai, kowa da ruwan da ya sani a zuciyarsa.

Abin da ya fi burge ka tumaki ne, waɗanda ke kiwo a filin da teku ke shiga yana fita, ciyawar ta sha gishiri. Ka ce, "Su nan gishirin ne ke zuwa wurin tumaki. Mu kuwa sai an kwashe su an yi arewa da su lasa." Kawunka da ya kira a talho ya ji kana zuba, sai ya ce, "Ni shekara da shekaru ina ɗaukar kifin tekun nan a kasuwar Rungis, ƙafata ba ta taɓa taka bakinsa ba. In ka je ka gaishe mini da shi, ka ce ya rage wari."

Ni ma ban taɓa ganinsa ba. Lyon koguna biyu gare ta, kuma kowanne an gina masa bango, yana tafiyarsa a ciki kamar jakin da ya san hanyar gida. Daga gida sai kantin ɗin lakkol, wurin cin abincin ƴan makaranta, inda nake aiki, sai masallaci, sai kasuwa. Wa zai kai ni teku?

Kowace Juma'a kana aiko mini da saƙon murya. Kai kaɗai ne a cikin yaran yanzu ba ka gajarta gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya sanyi, yaya maƙwabta, sai ka ƙare su tas sannan labari ya zo. Ka ba ni labarin man shanun da ka ce ya kusa kamo na Fulani amma bai kai ba. Ka ba ni na tsohuwar da ta gayyace ka cin abinci ta ajiye maka kawa ɗanya a faranti, ka ce ka yi bisimilla ka haɗiye don kada ta ji kunya. Sai wata Juma'a ka ce, "Tanti, yau na ga abin mamaki. Tekun nan da anka yi ta zuzutawa, ya ƙafe! Rairayi iyakar ganinka. Wallahi da Maradi ne da tuni an shuka tumatir, wani ya haƙa rijiya, yara sun kafa gola."

Ina tsaye a bayan kantin ina jiran bis na saurare ka, na yi dariya ni kaɗai. Da ka faɗa, gulbi na gani a idona, ba wani abu ba.

Wanda bai tashi a garinmu ba zai yi wuya ya gane wannan. Gulbinmu in ya tafi, ya tafi ke nan sai damina. A cikinsa muke bi mu je gona, a cikinsa mata ke tona rairayi su ɗebi ruwa, masu garka su yi shukar lambu ba fargaba. Kuma ruwa a wurinmu ba ya zuwa sai ya aiko manzanni: hadari ya haɗu, iska ta juya, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi su fara. Ba mu taɓa jin ruwa ya zo rana tsaka ba, sama wasai, ba tsawa, ba ɗigo. Da wannan sanin aka raine ka, kuma sani ne na gaskiya. Ƙasar ce ba tasa ba.

Abin da ya faru ranar, Usman ne ya faɗa mana, ɗan Cadin nan da kuke ɗaki ɗaya. Shi ma ɗan tudu ne kamarmu. Ya ce an kai ku yawon buɗe ido bakin teku, ku baƙin ɗalibai. Rana ta fito, mutane sun cika wurin, suna kwance kusan ba sutura, karnuka na ta guje-guje a tsakaninsu. La'asar ta yi. Ka duba bisa bangon da ke tare ruwa, ka ga idanu. Ya ce akwai ranar da wani mutum ya daka maka tsawa kana sallah a gefen wurin ajiye motoci, tun daga nan kake neman inda ba kowa. Ban san da wannan ba sai a bakinsa, ba ka taɓa sa shi a saƙon Juma'a ba.

Ka ce masa, "Bari in matsa can inda ba kare, ba idon mutane. Ƙasar da ruwa ya wanke ai ta fi kowace tsarki." Ka tuɓe takalmanka a gindin matakala, ka jera su kusa da juna kamar a ƙofar masallaci. Ka yi ta tafiya a rairayi har ka koma kamar ƙuda a idonsa. Aka kira shi cikin sauran, ya juya. Sai ihu ya ji.

Masu ceto sun zo da kwalekwale, sun zo da jirgi mai saukar ungulu. Sun yi iyakar yinsu, Allah Ya saka musu. Ba ka iya iyo ba, a ina za ka koya? Sai bayan kwanaki ruwa ya mayar da kai, nesa da wurin.

Kawunka ne ya je ya gan ka. Bai taɓa faɗa mini abin da ya gani ba, ni kuma ban tambaya ba. Shi da limami suka yi maka wanka, aka rufe ka a ɓangaren musulmi na wata maƙabarta a bayan Paris, ana yayyafi, ƙasar jiƙaƙƙiya mai danƙo. Usman ya miƙo mini takalmanka a cikin leda, ya kasa ɗaga ido. Na kawo su Lyon na sa a ƙasan kabad.

Ni aka ba wa nauyin faɗa wa innarka. Ka san Yaya Habsu. Kai ne ɗanta na fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa zama da kai hira a gaban mutane ba. "Yayan su Balkisa" take cewa, ko "wancan". Da na faɗa mata ta yi innalillahi, ta ce, "To." Sannan ta tambaye ni ko mun ci abinci. Masu zuwa ta'aziyya sun yi ta yabon dauriyarta. Ni da na tashi a bayanta, ita ta goya ni, na san kunyar ɗan fari ce ta rufe mata baki har a ranar da ya kamata ya buɗe.

Aka yi damina biyu. Sai ga Balkisa ta samu gurbi a irin musayar da ta kawo ka, ita a fannin sarrafa madara, kuma a nan Lyon. Innarka ta ƙi da farko. Dangi suka yi ta magana, malaman yarinyar suka je har gida. Daga ƙarshe ta kira ni, ba doguwar gaisuwa, ta ce, "Zainabu, ki rantse mini. Ki ce wallahi ba ta ganin ruwan nan." Na rantse. Ban ji nauyinta ba a lokacin. Ina Lyon, ina teku?

Ba ka san Balkisar da ta zo mini ba. Wadda ka bari tana ɓoye maka caja, yanzu ta zama mace, doguwa, bakinta kamar reza. Madam Sannu-sannu take kirana, wai ko gobara ake yi sai na gama jera kwanuka zan fita. Ta cika mini gida. Takan dawo daga lakkol da ɗan cuku a naɗe ta ce in ɗanɗana, in na yamutsa fuska ta ce, "Tanti, hancinki ne bai yi karatu ba." Amma sunanka ba ta ambata. Wata rana na dawo aiki na tarar an fito da takalmanka daga leda, an goge su, an mayar da su a jere. Na mayar da ƙofar kabad na rufe.

Da sanyi ya fara ja da baya aka sanar da su cewa rabin karatun na biyu a gona ake yinsa, istaj suke ce masa. Ita an tura ta gonar shanu a Normandi, a yankin nan naka, tafiyar keke ce tsakaninta da ruwa. Wanda bai yi ba, ba shi da takardar gamawa, sai ya tattara ya koma gida. Ta nemi a sauya mata, aka ce gurabe sun cika.

Ta zauna a kujerar da ka zauna ranar littafin, ta ce, "Tanti, in kin ce in koma gida, sai in koma. Amma ki faɗa da bakinki. Kar ki ce Inna ta ce."

Lawali, na yi kwanaki ina juya abin. In mayar da ita hannu wofi, bayan duk wahalar da ta sha, gida ya yi asara biyu a ƙasa ɗaya? Ko in bar ta ta tafi, in ce wa innarka gonar tana nesa da ruwa? Ƙarya ce, kuma harshena bai iya ɗaukarta ba. Abin da ya fi tsorata ni ma ba wannan ba ne. Na san yarinyar. In ta tafi ita kaɗai, Lahadin farko za ta hau keke ta je ta ga inda ka tsaya. Za ta sauka matakalar nan, da sanin gulbi a kanta, irin wanda ke cikin naka.

Na je wurin malam a masallacin unguwa na shimfiɗa masa maganar. Bai faɗa mini sabon abu ba, abin da muka karanta ne tun muna yara: wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin, ya yi kaffara. Na yi rantsuwar ne don yarinya ta rayu, ba don bakina ya tsira ba. Na dafa shinkafa da miyar kaza na kai wa bayin Allahn nan da ke kwana a gefen gar, tashar jirgin ƙasa. Na so in kira innarka tukuna. Amma na san za ta ce a'a, ni kuma tun da nake ban taɓa ƙetare a'arta ba. Sai na ƙudura zan kira ta daga can, a ranar, kafin in bar wurin.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Kawunka ya kai mu wurinka da hantsi. Ciyawa ta fito maka, kore shar. Balkisa ta tsaya daga ƙafafunka ta daɗe, leɓenta na motsi, sannan ta durƙusa ta cire wata ƴar leda da iska ta kawo. Na ce wa kawunka ya zo mu tafi bakin tekun tare, tunda ranar hutunsa ce. Ya girgiza kai ya ce, "Ku je. Ni da shi ba ma magana."

Wani jirgin ƙasan, sannan bis. Ina zaune a bakin taga ina kallo, kuma duk abin da ke cikin littafinka na gan shi. Shanu masu dabbare-dabbare a cikin ciyawa har gwiwa. Itatuwan tuffa sun yi fure. Gidajen dutse, kowane da furanni a taga. Tumakinka ma na gan su, suna kiwo kai a ƙasa. Ba su yi ƙarya ba, Lawali, ƙasa ce mai kyau. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da mummuna ce da na san abin da zan yi da ita.

A garin akwai ɗan ofishin da ke karɓar baƙi. Wata mata mai furfura ta ba mu taswira, ta nuna mana inda ake sayen kifi da inda ake hawa kwalekwale, sannan ta ƙara mana wata takarda ta ce kada mu sauka rairayi sai mun duba ta. Ban gaya mata ko mu su wane ne ba. Na duba takardar. Kamar jadawalin sallar da ke manne a firijina: kwanan wata a gefe, lokuta a jere, kullum suna ɗan gusawa. Matar ta ce tekun yana tafiya ya dawo sau biyu tsakanin dare da rana, kuma wata yake bi. In wata ya tsaya, ko ya cika, a nan ya fi yin nisa, a nan kuma ya fi dawowa da ƙarfi. Mu da muka tashi muna duban wata don azumi da salla, ashe akwai ruwan da shi ma wata yake duba.

Muka isa bakin bangon bayan azahar. Babu teku. Rairayi ne shimfiɗe har inda ya haɗu da sama, yana sheƙi, an share shi kamar tsakar gidan amarya. Balkisa ta ce, "Tanti, wanga ai gulbi ne." Ban ga lokacin da ƙafarta ta kai matakala ba. Na kama wuyan hannunta. Ban taɓa riƙe mutum da ƙarfi haka ba, sai da shatin yatsuna ya fito. Na ce ba za mu sauka ba, zama za mu yi mu gani.

Muka zauna. Can nesa akwai wani turken itace da aka kafa, ya fi mutum tsawo. Mutanen gari suna kewayensa da bokitai suna tonon abin da suke tona a rairayi. Sai na ga sun fara duba agogo, suna ɗaukar bokitansu, suna tahowa, ba gudu ba amma ba tsayawa. Na duba bayansu ban ga komai ba. Sama wasai. Ko iska ba ta sauya ba.

Na ɗauka da ruri zai zo, da igiyar ruwa mai tsawon gida. Ba haka ba ne. Shiru yake zuwa. Da farko wasu siraran zare ne masu ƙyalli suka bayyana a wuraren da rairayin ya yi kwari, kamar in an saki ruwa a garka yana bin kwalbatai. Ba ma daga can gaba suka faro ba, ta gefe suka zagayo, tsakanin turken da mu. Zaren suka yi faɗi, suka haɗe. Tudun da ke tsakiya ya rage shi kaɗai, busasshe, fari, tsaf. In da ni ce ke neman wurin sallah, nan zan zaɓa. Muna kallo ya ƙanƙance kamar tabarma, ya koma kamar faifai, ya ɓace. Ruwa ya kama turken a gwiwa, ya kama shi a ƙirji.

Balkisa ba ta yi kuka ba. Hannunta dai yana cikin nawa, sanyi ƙalau.

La'asar ta yi. Da alwalata. Na fiddo talho in nemi alƙibla, kibiyar ta yi ta juya ni, ina binta, har na tsaya. Na ɗaga kai sai ga gari a gabana, ga gidaje, ga shagon mai burodi. Teku yana bayana.

A nan na gane, ɗana. Wata biyu, wata goma, damina biyu ina tambayar kaina yadda yaro mai hankali kamarka zai ga ruwa na zuwa ya tsaya. Ba ka gan shi ba. Ka fuskanci alƙibla, alƙibla kuma a gaɓar nan baya take sa mutum ya ba ruwa. Idonka yana wurin sujada kamar yadda aka koya maka. Mai sallah ba ya waiwaye. Duk abin da ka yi ranar daidai ka yi shi.

Na ɗaga hannu zan yi kabbara na kasa. A bisa bango muke, ruwa ba ya kaiwa nan, na sani, amma bayana ya ƙi yarda. Sai na ji Balkisa ta taso ta tsaya a bayana, ta ba ni baya, fuskarta ga ruwa. Ta ce, "Tanti, yi sallarki. Ni ina kallon shi."

Na yi. Da na sallame muka sauya, ta shimfiɗa gyalenta ta tayar, ni na tsaya gadi. Na tuna sallar tsoro da malam ya karantar da mu, inda wasu ke sallah wasu na tsaro. A lokacin mun ɗauka ta mazan fagen yaƙi ce, ba abin da zai haɗa mu da ita. Mutane sun kalle mu. Wani tsoho da ya zo wucewa ya janye karensa gefe, ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce. Kafin ta sallame turken ya nutse.

A kan bencin jiran bis na kira innarka, na buɗe murya don Balkisa ta ji. Na ce mata na karya rantsuwa, muna bakin ruwan ni da yarinyar. Ta cikin talho ina jin akuyarta na kuka a tsakar gida. Na ce ko ba za ta sake yi mini magana ba, ta bari in faɗa mata abin da na gani. Na faɗa mata duka, zaren ruwa, tudun, turken, alƙibla. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Tambaya ɗaya ta yi mini, ko ka idar da sallar. Na so in ce eh, Allah Ya sani na so. Amma ba wanda ya gani. Na ce ban sani ba, Yaya.

Ta ce, "Bai idar ba. Lawali ba ya gaggawa in yana sallah."

Sunanka, a bakinta. Tun ranar sunanka ban taɓa ji ba sai ranar. Balkisa ta kifa fuskarta a cinyata, kukan da ta riƙe tun Maradi ya ɓalle.

Da ta lafa innarka ta kira ta, ta tambaye ta ko ta ga zuwan ruwan da idonta. Balkisa ta ce ta gani. Innarka ta ce, "To ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Sallarki kuma a ɗaki." Ta kashe talho ba ta ce mini komai ba.

Balkisa tana gonar yanzu. Tana tashi tatsa tun da asuba, ta ce shanun sun fi mutanen garin son hira. A bangon ɗakinta takardu biyu ne a manne, ta sallah da ta ruwa, ta aiko mini da hotonsu. Ta ce akwai wasu yara biyu ƴan Tawa da suka zo bana, ta kai su bisa bangon ta zaunar da su tun daga tafiyar ruwa har dawowarsa, ɗayan yana ta ƙorafin yunwa ta ce ko zai mutu sai ya gani.

Innarka kuwa ba ta ɗaga kirana tun ranar. Ina kira kowace Juma'a, ya yi ta ƙara har ya tsinke. Ban yi fushi ba. Hakkinta ne, da sunan Allah na yi mata alkawari. Kaffara tana tsakanina da Ubangiji, abin da ke tsakanina da Yaya kuma sai ranar da ta ga dama. Ita ce ta goya ni, na iya jira.

Makon jiya dai ta ba Balkisa saƙo. Ta ce, "Ki ce ma tantinki ta aiko mini da takalman." Na fito da su. Har yanzu akwai ɗan rairayi a cikin na hagu, ban kakkaɓe ba. Na naɗe su a cikin sabon zane, wata Hajiya ƴar kasuwa da za ta gida za ta tafi da su. Gidan zai yi mini faɗi in sun tafi, amma ba nawa ba ne.

Malamai sun ce wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai. Ina riƙe da wannan da hannu biyu. Ya Allah, Ka karɓi sallar da bawanKa Lawali ya fara, Ka cika masa abin da ya rage a cikinta. Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ƙasar baƙunta ta yi masa sauƙi. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Ka tsare Balkisa da duk ɗan da ya bar gida neman sani, ta gabansu da ta bayansu. Ka haɗa mu a inda ba rabuwa. Amin.

Ka huta, ɗana.

Tantinka,
Zainabu